Wadda Ta Kira Sunan Hanne

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ku 'ya'yana nake nufi da shi, musamman ke Sadiya da kika fi kowa nacin son sanin abin da ya raba ni da aikin ƙungiya ina tsakiyar ƙarfina. Na sha jin ku a tsakar gida kuna yanke hukunci, kuna zaton barci nake. Wani ya ce babanku ne ya hana ni, wata ta ce bakina ne ya jawo aka sallame ni. Bakin nawa kun san shi, ba zan kare shi ba, amma a wannan karon ba shi da laifi. Babanku kuwa, Allah Ya jiƙansa, ku cire shi daga wannan zargi tun yau. Maganar tana tare da tsohuwar nan Inna Dije, wadda kuka tashi kuna gani tana zuwa gidanmu na Karaye bayan kowace damina da ƙwaryar man shanu, har kuka ɗauka 'yar'uwarmu ce. Ba mu haɗa dangi da ita ta ko'ina ba. Bara ta rasu, shi ya sa bakina ya buɗe.

Ƙungiyar da na yi wa aiki tana tallafa wa ƙananan asibitocin Karaye da Rogo a kan lafiyar mata masu ciki, tana kuma jawo hankalin magidanta su daina ɗaukar awo da haihuwa a matsayin sha'anin mata kawai. Ni ba na ba da magani, ba na karɓar haihuwa. Nawa aikin shi ne bibiya da tantancewa: in bi bayan masu yi, in ga ko abin da aka ce an yi an yi shi, in kuma ga ko ya amfani wadda aka yi dominta. Ma'aikatan asibiti suna kirana Hajiya A-nuna-min a bayan idona, don duk abin da aka faɗa min sai na ce a nuna min. Kakarku Iya, mahaifiyar babanku, ta fi su iya taƙaita magana.

"Aikin nan naki sa-ido ne," in ji ta, "bambancinki da matan unguwa kawai ke ana biyan ki."

Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. A shekarar da nake ba ku labari, abin da muka shuka ya fara fitowa. Magidanta a ƙauyuka sun fara rako matansu awo ba tare da ana yi musu dariya ba. Da yawa sun ba da izini tun da wuri, cewa ko ba sa gida, idan naƙuda ta zo da matsala a wuce asibiti kada a jira su. A kowane gari an tsayar da mai mota da za a kira. Masu ba mu tallafi suka ce za su zo su gani da idonsu, aka shirya musu taro a Rogo Ruma, aka ce ni zan tsaya in yi musu bayanin abin da bincikenmu ya nuna. Har sabon leshi na ɗinka.

Abu ɗaya ne yake damuna. Masu cikin fari suna zuwa awo da kyau, amma da ciki ya tsufa sai su ɓace. Ba wani sirri ba ne, kowa ya san goyon ciki ake kai su gidan iyayensu, su haihu a can, su yi wankan jego sannan su dawo. Ni ma haka aka yi min a cikin babban yayanku, wannan yaron da har yau ba ku taɓa jin na kama sunansa ba, kuna ta yi min tsiya. A ofis idan mace ta tafi goyon ciki sai a rubuta ta bar yankin, shi ke nan an rufe maganarta. Na tayar da zancen a taronmu fiye da sau ɗaya, aka ce min iyakar aikinmu garuruwan da aka ba mu. Ni kuwa na san mai cikin fari ita ce ta fi kowa buƙatar a sa mata ido.

Ranar taron da hantsi na biya ta asibitin Jajaye, ni da Malam Ilu direbanmu. Na tarar da Sista Binta, ungozomar wurin, ba ta da walwala. Ta ce akwai wata yarinya mai suna Hanne, cikin fari, zuwanta na ƙarshe jininta ya hau sosai. Ta ce mata ta dawo bayan 'yan kwanaki, ba ta dawo ba. Aka kira mijinta Isiyaku daga gonar gyaɗa, ya zo da laka a ƙafarsa. Na san shi, yana cikin waɗanda ba sa fashin zaman magidanta.

"Malam Isiyaku, ina Hanne?"

"An kai ta gida, Hajiya. Rugarsu tana bayan Unguwar Hajji."

"Ka gaya wa iyayenta abin da Sista ta ce?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Hajiya, ina ni ina tsayawa gaban surukai in ce ga yadda za a yi da 'yarsu? Sai a ce na raina riƙonsu. Ni dai izinina na bayar tun farko. Amma yanzu ba a hannuna take ba."

A nan na ga ramin da ke cikin aikinmu. Mun koyar da miji, mun tsayar da mota a garin miji, mun karɓi izinin miji, alhali a lokacin da haɗarin ya fi girma yarinyar tana inda mijin ko ƙofar gida ba ya iya tsayawa da kyau. Da muka shiga mota na ce wa Malam Ilu mu nufi Unguwar Hajji.

"Hajiya, Rogo Ruma fa nan take, ba can ba."

"Na sani. Leƙawa kawai zan yi mu juyo."

Kuma Allah Ya sani leƙawar kawai na yi niyya. So nake in ga mace ɗaya da idona, in sami abin faɗa wa baƙin da ba za a ce min zato ba ne.

Ruwan ƙarshen damina ya ɓata hanyar rugar, ba don motarmu mai ƙarfi ba ce da ba mu isa ba. Maza duk sun fita da shanu. A gindin wata bishiya muka tarar da mace ɗaya, doguwa, siririya, tana kaɗa nono. Na yi sallama, muka gaisa, na tambayi gida da shanu da ruwa, sannan na shiga abin da ya kawo ni.

"Inna, nan ne gidan su Hanne, matar Isiyaku na Jajaye?"

Ta kawar da kai gefe.

"Akwai wata baƙuwa a ɗakin can."

"'Yarki ce?"

"Ta gidan ce."

Ban ƙara tambaya ba, na gane. 'Yar fari ce. Mu Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasa ce idan aka kwatanta da ta mutanen ruga. Wannan mata, da daga baya na san sunanta Dije, tun ranar da ta haifi Hanne ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa nuna a gaban mutane cewa ta damu da ita ba. Goggon yarinyar, ƙanwar babanta, ita ce mai magana a kanta, ita kuwa ta tafi tallar nono kasuwa, sai yamma.

Na shiga bukkar. Hanne tana kwance a kan tabarma, fuskarta ta kumbura har idanunta sun shige, ƙafafunta kamar an hura. Ta ce kanta kamar zai tsage, kuma tun safe take gani dishi-dishi. Ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce, amma aikina ya sha zaunar da ni a gidajen da aka yi rashin mai ciki, ina tambayar yadda abin ya fara, kuma kusan duk da waɗannan kalmomi ake fara ba ni labari. Na fita na nemi tudu inda waya ke kamawa, na kira Sista Binta. Ta ce jijjiga ce ke tafe, in kai ta babban asibiti yanzu, kada in jira kowa.

Sai na kira shugabanmu, wanda muke ce wa Dokta. Dokar ƙungiya a bayyane take, kuma ni da kaina na sha tuna wa wasu ita: motar aiki ba ta ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba, mai bibiya kuma ba ya sa hannu a abin da ya je dubawa.

"Hajiya Rabi, baƙi sun kusa isowa, mata sun cika rumfa. Ki sa a nemo musu mota a gari."

"Dokta, babu motar da za ta shigo nan sai tamu. Kafin a nemo wata, sai dai a ɗauki gawa."

Ya ce, "Kin san doka. Idan wani abu ya same ta a cikin motarmu, ba ni da abin da zan kare ki da shi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na koma wurin Dije na durƙusa. Na ce mata yarinyar nan tana cikin haɗari, zan tafi da ita asibiti, ta yarda? Ba ta ɗago ba.

"Ba ni da magana a kanta. A jira goggonta."

Raina ya ɓaci, har maganar da ba ta dace ba ta zo bakina. Uwa ce wannan ko dutse? Kafin in faɗa, Allah Ya kai idona kan hannunta. Nonon ya daɗe da kaɗuwa, man ya taso, amma tana ta kaɗawa. Na waiwaya, sai ga ƙunshi a ƙofar bukkar wanda babu shi lokacin da na shiga: zannuwa, buta, da 'yar tabarma a naɗe. Ina can kan tudu ina waya ta haɗa shi ta ajiye. Ta riga ta ba ni amsa, bakinta ne kawai ba zai iya ba. Fushina ya koma tausayi, na nemi hanyar da zan fitar da ita ba tare da na tozarta ta ba.

"To Inna, ni zan ɗauke ta, idan goggonta ta dawo a ce ni ce, laifin yana kaina. Sai dai ba mu san inda za mu bi mota ba ta kafe ba. Ki taimaka ki zo ki nuna wa direba hanya."

Malam Ilu, wanda ko a rufe masa ido zai fita daga rugar, ya shafa gemu ya ce, "Ni kam hanyar nan ta rikita ni, Inna." Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Ta shiga motar ta takure a jikin ƙofa, ta juya wa 'yarta baya, fuskarta a waje. Kan Hanne yana kan cinyata. Dije ba ta nuna hanya ko sau ɗaya ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Mun hau kwalta, mun fara hango gari, sai jikin yarinyar ya sandare, idanunta suka juye, ta fara jijjiga tana taune harshe. Ina ƙoƙarin juya ta gefe kamar yadda na ji ana koyarwa, sai na ji an ture hannuna. Dije ta rungume ta, ta haɗa fuskarta da tata.

"Hanne! Hannatu!"

Daga nan ta ci gaba da magana da Fillanci, tana yi tana maimaitawa, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ga Malam Ilu, da yake yana jin yaren, ya sa bayan hannu ya share ido, ya ƙara wa motar wuta.

Ma'aikatan babban asibitin sun yi abin da ya kamata, Allah Ya ba su lada. Suka yi mata allura, jijjigar ta lafa, aka shiga da ita aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace, ƙarama amma da ranta. Ina zaune a kan benci da sabon leshina duk ya ɓaci, na tuna da Rogo Ruma. A lokacin la'asar ta wuce, baƙi sun daɗe da tafiya. Dokta ne ya tsaya ya yi musu bayani da ka, babu takardun da ke cikin jakata.

Washegari Hanne ta farfaɗo. Na je duba ta, na tarar da goggonta a gefen gado, Dije kuwa tana can bakin ƙofa ta koma kallon bango kamar ba ta san kowa a ɗakin ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta yi magana a hankali.

"A cikin mota na ji wani yana kirana. Wane ne?"

"Hajiya ce," in ji Dije daga bakin ƙofa.

Ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta yi ba tun haɗuwarmu. Roƙo ne ƙarara.

"Ni ce," na ce.

Hanne ta dube ni, ta ɗan yi murmushi.

A ofis aka ba ni takardar tuhuma, na amsa laifina don ban ga abin musu ba. Da shekara ta ƙare ba a sabunta min kwantiragi ba. Ranar da na dawo da labarin, Iya ta tafa hannu ta ce na zubar da aikina saboda 'yar mutane, ga yara a makaranta. Ba ta yi ƙarya ba, kuma tsoro ne ya sa ta faɗa. Babanku yana zaune a kan dadduma, ya bari ta gama.

"Iya, da ta bar yarinyar ta tafi taron, da wace fuska za ta shigo gidan nan?" Sai ya juyo gare ni. "Ki ci abinci. Wanda Ya ba da wancan bai gaji ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar har ya koma ga Allah. Amma kuɗin makarantarku ya koma kansa shi kaɗai, shi ya sa kuka ga ya tashi daga ajin da yake koyarwa ya wuce gona ko hutawa bai yi ba, shi ya sa kuma ke Sadiya da Ummi aka canza muku makaranta a tsakiyar zango. Na ga kukan da kuka yi, kuma ya yi min ciwo fiye da rasa aikin. Ku kuka biya wani ɓangare na abin da na yanke a kan tudun nan ba tare da an yi shawara da ku ba. Na gode muku, ko da a lokacin ba ku san kuna yi ba.

Shi ma Dokta ban riƙe shi ba. Kafin in tafi ya ce in rubuta masa duk abin da na gani game da goyon ciki, na zauna na rubuta rahoton da ya fi kowane tsada a wurina. Daga baya Sista Binta ta gaya min an fara kiran goggonni da kakanni zaman wayar da kai, kuma idan mai cikin fari za ta tafi gida, ana haɗa ta da katin awonta a sanar da asibitin da ke kusa da iyayenta. Ban ce ni na jawo ba, amma na ji daɗi. Da babanku ya rasu, Dokta yana cikin waɗanda suka fara zuwa gaisuwa.

Jaririyar aka sa mata Rabi. Dije kuwa ta fara zuwa da man shanunta, shekara bayan shekara. Ta zauna, mu gaisa, mu yi hirar shanu da tsadar dusa, ta tashi. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ambaton ranar ba, ba ta taɓa cewa ta gode ba, ni ma ban taɓa nema ba. Iya da kanta ta zama ƙawarta, har ita take ajiye mata goro. Hanne kuma duk lokacin da muka haɗu sai ta tsokane ni.

"Hajiya, ashe kina jin Fillanci haka?"

In ce mata, "Sai a cikin mota yake zuwa min."

Bana da damina ta ɗauke, na ji sallama, sai ga Hanne da ƙwaryar a kanta, takwarata tana biye da ita, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo. Na yi mata gaisuwar mahaifiyarta, muka yi addu'a. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta.

"Hajiya, ki maimaita min abin da kika ce a motar nan."

"Hanne, ba ni ba ce."

"Na sani. Tun ranar na sani. So nake dai in ji wani ya faɗa."

Tun a shekarar Malam Ilu ya fassara min maganar, na riƙe ta a matsayin amana. Na ga mai amanar ta tafi, wadda aka yi dominta kuma tana gabana, sai na ba ta kayanta.

"Cewa take: ke ce ta farina. Kada ki tafi, yau na fara kiran ki."

Hanne ta kifa kai a cinyata, inda na riƙe shi a wancan karon, ta yi kukan da ba ta yi a zaman makoki ba. Ni ma na taya ta.

To kun ji abin da ya raba ni da aikin. Idan aka mayar da ni kan tudun nan, wayar da na yi ita zan sake yi, kuma ina gode wa Allah da Ya sa na biya ta Jajaye a ranar. Idan bayan raina Hanne ko Rabi suka yi sallama da ƙwarya, ku shimfiɗa musu tabarmar da kuke shimfiɗa wa dangi. Saura kai babban yayansu, da ka yi furfura ina ce maka wannan yaron. Dije sai da ta ga mutuwa a fuskar tata sannan bakinta ya buɗe, ni ba na son in jira haka. Bakina har yanzu ya ƙi, amma hannuna ya yarda.

Abdullahi, Allah Ya yi maka albarka. Ga shi na rubuta, kada kuma ka saba.